Karatun MBA ta intanet ga ma'aikaci: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ma'aikatan banki, ma'aikatan gwamnati, malaman asibiti da 'yan kasuwa masu son ƙara digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, amma ba za su iya ajiye aiki su koma aji ba. Kuɗin makaranta da sharuɗɗan shiga suna canzawa kusan kowace shekara, saboda haka kafin ka biya ko kwabo, ka tabbatar da su daga jami'ar da kanta.

Wai mene ne MBA, kuma da me ya bambanta da sauran digiri na biyu?

MBA digiri ne na sana'a, ba na bincike ba. Jami'ar Harvard da ke Amurka ce ta fara bayar da shi a 1908, kuma tun daga lokacin manufarsa ba ta canza sosai ba: a ɗauko mutumin da ya riga ya san aiki, a nuna masa dukkan sassan kamfani, don in an ɗora shi a kan kujerar shugabanci kada ya zama ya san ɗaki ɗaya kawai a cikin gidan. Za ka taɓa akanta, harkar kuɗi, tallata haja, kula da ma'aikata, sarrafa kaya da safararsu, ƙididdiga, tattalin arziki, da tsara dabarun kamfani na dogon zango. Kowanne kaɗan-kaɗan, ba a zurfafa kamar yadda mai MSc, wato digiri na biyu na bincike, zai yi a fanni ɗaya.

Hanyar koyarwar ma daban take. Galibi ana ba ku labarin wani kamfani na gaske da ya shiga wani hali, da alƙalumansa, a ce ku ne shugabanninsa, me za ku yi? Wanda bai taɓa riƙe aiki ba, shi ma zai iya cin jarrabawar, amma rabin amfanin zai wuce shi.

Takardar da aka samu ta intanet daidai take da ta wanda ya zauna a aji?

In jami'ar ta gaskiya ce, e. Yawancin jami'o'i takarda iri ɗaya suke bayarwa, ba sa rubuta yadda aka yi karatun a jikinta. Abin da ke ba takarda nauyi shi ne sunan jami'ar da kuma hukumar da ta sahale mata. Misali mai ƙarfi shi ne Jami'ar Illinois: ta fara MBA ta intanet a 2016, zuwa 2019 ta sanar da rufe na cikin aji gaba ɗaya, ta mayar da hankali kan na intanet ɗin. Jami'a mai wannan suna ba za ta yi haka ba in da takardar intanet ta fi ta aji rauni.

Amma kada a yaudari kai. Akwai abin da mai zama a aji yake samu wanda kai sai ka nema da ƙarfi, wato sabo da mutane. Abokan karatu su ne gobe za su kira ka su ce an buɗe gurbi a wuri kaza. A karatun intanet babu shan shayi tare bayan lakca. In ba kai ka riƙa buɗe baki a tattaunawa ba, kana shiga aikin rukuni da gaske, kana neman 'yan ajinku da ke garinku ku haɗu, za ka gama shekara biyu ba wanda ya san ka sai fotal ɗin makaranta.

Ta yaya zan gane makarantar gaskiya da ta bogi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, kafin ta kuɗi ma.

In jami'ar a Nijeriya take, abu biyu za ka duba a wurin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC. Na farko, jami'ar tana cikin jerin waɗanda aka ba lasisi? Na biyu, wanda mutane ke mantawa, an amince mata ta yi karatu daga nesa, kuma an amince da wannan kwas ɗin takamaimai? Jami'a tana iya zama halastacciya amma wata cibiya da ke amfani da sunanta a saman wani shago ba ta da izini. Hukumar takan fitar da jerin haramtattun makarantu, ka duba shi ma.

In ta waje ce, fara da hukumar ƙasar da take. Bayan haka akwai ƙungiyoyi uku da ke tantance makarantun kasuwanci a duniya: AACSB ta Amurka, wadda aka kafa tun 1916, da AMBA ta Landan, da EQUIS ta Turai. Rashin tambarinsu ba ya nufin makaranta ta bogi ce, akwai nagari da yawa da ba su da ko ɗaya. Amma in makaranta ta manna tambarin a tallarta, je ka shafin ƙungiyar ka nemi sunanta da idonka. Kuma ka sani in za ka yi amfani da takardar waje a aikin gwamnatin Nijeriya, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta. Mai karatu a Gana hukumarsa ita ce GTEC, na Nijar da Kamaru da Cadi kuma ya tambaya ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasarsa da CAMES, majalisar ilimi mai zurfi da waɗannan ƙasashe ke ciki, sun san da takardar.

Ba a daɗe da ganin illar sakaci da wannan ba. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Abin ya shafi masu saye, ya kuma shafi bayin Allah da suka yi karatunsu tsakani da Allah amma ba su bincika matsayin makarantar ba.

Alamomin da ya kamata su sa ka ja da baya a bayyane suke: MBA cikin wata uku ko huɗu, babu jarrabawar da ake sa ido a kanta, wakili ya ce ka tura kuɗi asusunsa na kansa, ragin kuɗi da kullum "yau zai ƙare", ko a ce za a ba ka digiri saboda shekarun da ka yi kana aiki kawai.

To a gida zan yi ko a waje?

Ya danganta da inda za ka kai takardar. In burinka ƙarin girma a ma'aikata, banki, ko kamfani a cikin ƙasa, na gida ya wadatar, kuma da naira za ka biya. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, NOUN, ta daɗe a wannan hanya: an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002, daga baya shi kansa ya zama ɗalibinta har ya karɓi digirin digirgir a farkon 2018. Tana da cibiyoyi a jihohi, inda ake zuwa rubuta jarrabawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da cibiyar karatu daga nesa da ke bayar da MBA ta intanet, kuma sunan ABU ba ya buƙatar gabatarwa a gaban kowane kwamitin ɗaukar aiki. Akwai kuma sababbin jami'o'i masu zaman kansu irin Miva, wadda NUC ta ba lasisi a 2023.

In kana harin kamfanonin ƙasa da ƙasa ko ƙungiyoyin agaji na duniya, takardar waje tana iya buɗe ƙofa. Bayan Illinois akwai Jami'ar Boston, da Warwick da Heriot-Watt da Open University a Birtaniya. University of the People ba ta karɓar kuɗin koyarwa, sai kuɗin jarrabawar kowane kwas, shi ya sa take da sauƙi ƙwarai in an kwatanta.

Wani abu kuma: in kana zaune a Kano ko Kaduna ko Zariya, kada ka manta akwai MBA na ƙarshen mako a jami'o'in da ke kusa da kai, kamar makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero. Ga wanda ya san ba ya iya karatu sai da malami a gabansa, wannan ya fi masa.

HND gare ni. Ko kuma digirina mai daraja ta uku ne. Za a ɗauke ni?

A jami'o'in Nijeriya hanyar da aka saba ita ce ka fara yin difilomar gaba da digiri, PGD, ta kimanin shekara guda, sannan ka wuce MBA. Haka ma wasu jami'o'in ke nema daga wanda ya karanta fannin da ba shi da alaƙa da kasuwanci. Za a nemi kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamakonka daga tsohuwar makaranta. Wannan na ƙarshen ka fara nemansa da wuri, domin shi ne ya fi kowace takarda jan rai kafin ya fito.

Sai na rubuta GMAT?

GMAT jarrabawar shiga makarantun kasuwanci ce. A gida, galibi a'a. A waje, shirye-shiryen intanet da yawa sun daina nemansa ko suna yafe wa mai shekaru a bakin aiki. In an nema, sabon tsarinsa sassa uku ne, kowanne minti 45, makinsa daga 205 zuwa 805. Game da jarrabawar Turanci, tambayi jami'ar ko za ta karɓi wasiƙar da ke nuna da Turanci ka yi digirinka na farko.

Awa nawa zan riƙa ba karatun a mako?

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, ba a wurin kuɗi ko ƙwaƙwalwa ba. Tallar makarantu takan ce "yi karatu a lokacin da ka ga dama", sai mutum ya ji kamar an rage masa aikin. Ba a rage ba. An cire maka zuwa aji ne kawai, awowin suna nan daram.

Ga lissafi mai sauƙi. A tsarin Birtaniya digiri na biyu kiredit 180 ne, kuma ana ƙiyasta kowane kiredit a kan awa 10 na aikin ɗalibi. Awa 1,800 ke nan. Raba su a shekara biyu, kusan awa 18 a kowane mako. Raba su a shekara uku, kusan awa 12. Sauran tsare-tsaren ba su yi nisa da haka ba.

Yanzu ɗauki takarda ka nemo awa 15 a makonka. Ka fita aiki ƙarfe bakwai na safe, ka dawo bayan magariba, ma'aikacin banki ma sai bayan isha'i. Asabar akwai ɗaurin aure, akwai suna, akwai gaisuwar rasuwa, akwai zuwa gida gaida tsofaffi. Babu awa 15 da ke zaune ba mai ita. Kowace awa da za ka ba karatu, daga hannun wani za ka karɓo ta: majalisa, kallon ƙwallo, barci, ko iyali. Gara ka yanke tun yanzu wa za ka karɓa daga wurinsa, ka kuma gaya masa. Majalisa za ta yi maka tsiya wata ɗaya ta haƙura. Iyali kuwa in ba a yi shawara da su ba, ba za su haƙura ba, kuma da gaskiyarsu.

Tsarin da ya fi ɗorewa ga ma'aikata shi ne na safe. Awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kwana biyar, kafin gida ya tashi kuma kafin wayar ofis ta fara ƙara, ya ba ka awa bakwai da rabi. Sai zama ɗaya mai tsawo ranar Asabar ko Lahadi, awa huɗu zuwa biyar, don jinga da aikin rukuni. Ragowar a tsinta a hanya: sauke lakca a waya, a saurara a mota. Karatun dare bayan an kwaso gajiyar aiki yana yiwuwa, amma shafi ɗaya za ka maimaita sau uku. Wanda kuma ya ce zai tara komai sai ƙarshen mako, ɗaurin aure ɗaya a Funtuwa ya isa ya rushe masa makon.

Ka dubi kalandar aikinka ma. Akanta ya san ƙarshen wata da ƙarshen shekara, ma'aikacin gwamnati ya san lokacin kasafi, mai harkar hatsi ya san kaka. In jarrabawa za ta faɗo a irin wannan lokaci, ɗauki kwas ɗaya a wannan zangon maimakon biyu. Haka azumi: duba tun farkon shekara wane zango zai faɗa, ka sassauta wa kanka, musamman goman ƙarshe.

Dole ne in kasance a kan layi lokacin lakca?

Tsari biyu ne. Akwai lakcar da aka naɗa, ka kalla sa'ad da ka samu dama, akwai kuma ta kai tsaye. Yawanci ana haɗa su. Tambayi wanne ne wajibi kafin ka yi rajista, saboda bambancin agogo. Ƙarfe bakwai na yamma a Chicago ƙarfe ɗaya na dare ne a Kano, lokacin sanyinsu kuma ƙarfe biyu. Gabashin Amurka awa biyar ko shida ne tsakaninmu. Birtaniya ta fi sauƙi: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya, sauran watannin mun riga su da awa guda. Manyan shirye-shirye kan maimaita lakca a lokuta daban-daban saboda ɗaliban nahiyoyi, amma aikin rukuni ku ne za ku sasanta tsakaninku, kuma in akwai ɗan Indiya da ɗan Kanada a rukunin, wani sai ya rasa barci.

Wuta da sabis fa? Waya kaɗai za ta isa?

Waya za ta isa kallon lakca da karanta saƙo. Ba za ta isa lissafin Excel, rubutun shafi goma, ko jarrabawar da ake sa ido ta kyamara ba. Kana buƙatar laftof, ba lallai sabuwa ba, amma mai batir mai rai da kyamara mai aiki. Ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban. Ƙaramar sola ko inbata da za ta ɗauki laftof, fitila da fanka ta fi janareta ga mai karatun asuba, ko don maƙwabta. Ka sa kuɗin data a cikin kasafinka na wata, musamman tunda hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Rage ingancin hoton bidiyo yana rage cin data sosai, kuma fuskar malamin ba ita ka zo gani ba.

Doka ɗaya da ba ta da sassauci: kada ka bar tura jinga sai daren ƙarshe. Fotal ba ya jin "an ɗauke wuta". Jarrabawar kan layi kuwa, gwada kwamfutar da sabis ɗin a ɗakin da za ka zauna, kwana ɗaya kafin ranar.

Nawa zan kashe?

Tazarar tana da faɗi. Na gida da naira ake biya, zango-zango, kuma ma'aikaci mai matsakaicin albashi zai iya da tanadi ko adashi ko rancen ƙungiyar ma'aikata. Na waje kuwa, ɗauki misalin Jami'ar Boston da ta buɗe MBA ta intanet a 2020 a kan dala 24,000, farashin da a Amurka ake ganin araha ne. A farkon 2023, a farashin gwamnati na kusan naira 460 kowace dala, wannan naira miliyan 11 ne. Bayan an saki naira a Yunin 2023, zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, kuɗin nan ya koma miliyan 36. Wannan ko da makarantar ba ta ƙara ko sisi ba. Duk wanda albashinsa naira ne kuma zai biya da dala shekara biyu ko uku, ya yi lissafinsa a kan farashin da ya fi na yau muni, ya ga ko zai iya. Ka kuma tambayi bankinka ta wace hanya kuɗin zai fita, domin ƙa'idojin biyan kuɗin makaranta a waje da iyakar katin naira sun sha canzawa.

Bayan kuɗin makaranta akwai na fom, na jarrabawa, littattafai, tafiya cibiyar jarrabawa da kwana a can, wasu kuma suna da makon haɗuwa ido da ido wanda tikiti da biza a kanka suke.

In gaya wa wurin aikina, ko in yi abina shiru?

Gaya musu, kuma a rubuce. A aikin gwamnati ana neman izini kafin a fara karatu ko da ba za a bar bakin aiki ba, kuma takardar da aka samo ba da izini ba tana iya ba ka wahala ranar da ka kawo ta a sa a fayil ɗinka. A kamfani ma kana buƙatar oga ya sani, saboda ranar jarrabawa za ta zo. Wasu wuraren suna biyan wani kaso, da sharaɗin za ka zauna shekaru kaza bayan ka gama ko ka mayar da kuɗin. Karanta wannan yarjejeniya da kyau kafin ka sa hannu.

Hanya mafi kyau ta samun goyon bayan oga ita ce ka ɗora jingarka a kan matsalar ofis: layin da ke tsawo a kanta, kayan da ke lalacewa a sito, kwastomomin da ke guduwa. Amma alƙaluman kamfani amana ne. Nemi izini kafin ka sa su a aikin makaranta, ka sauya suna in an ce ka sauya.

Ni mace ce, ina aiki, ga aure ga yara. Zai yiwu?

Yana yiwuwa, kuma mata da yawa wannan hanyar ce ta sa suka samu digiri na biyu, tunda babu barin gari babu kwanan makaranta. Amma lissafin awowin nan ya fi tsanani a kanki, domin lokacin asuba da namiji ke samu, ke a lokacin ne ake haɗa karin kumallo da shirya yara. Ki zauna da maigida kafin ki sayi fom, ba don izini kaɗai ba, a yi maganar zahiri: wa zai riƙe yara ranar Asabar da safe, me za a ci a makon jarrabawa. Ki tambayi makarantar ƙa'idarta ta jinkirta zango saboda haihuwa. Kuma ki zaɓi shekara uku ba tare da jin kunya ba, takardar ba ta nuna tsawon lokacin da aka ɗauka.

Na ji ana koyar da lissafin kuɗin ruwa. Ya matsayin wannan?

Gaskiya ne, kwas ɗin harkar kuɗi an gina shi a kan darajar kuɗi bisa lokaci, da rance da takardun lamuni, duk da lissafin ruwa a ciki. Hukuncin shari'a a tambayi malamai. Abin da za a iya faɗa a nan shi ne masu aiki a bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa su ma suna buƙatar fahimtar wannan lissafi, don a kasuwa ɗaya suke gogayya. Fannin kuma yana girma: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardar lamuni marar ruwa, na naira biliyan 100 a 2017. Mai son zurfafawa a nan, Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin banki da harkar kuɗi ta Musulunci, haka INCEIF ta Malesiya, wadda babban bankin ƙasar ya kafa a 2005, tana da karatu ta intanet.

Rabona da lissafi tun sakandare.

Ba lissafin injiniya ba ne. Kaso cikin ɗari, ma'auni, ɗan aljabara da ƙididdiga. Wata biyu kafin a fara, koyi Excel da tushen akanta daga darussan kyauta. Waɗannan biyun su ne ke kayar da mutane a zangon farko.

Zai sa a ƙara mini girma ko albashi?

Ba kai tsaye ba, kuma duk wanda ya yi maka wannan alƙawari talla yake yi. A aikin gwamnati ƙarin girma yana bin shekaru, jarrabawa da gurbi, takardar tana ƙara maka nauyi ne kawai. A kamfani tana amfani a lokacin da ake zaɓe tsakanin mutum biyu masu ƙwarewa iri ɗaya, ko ga injiniya, likita ko mai haɗa magunguna da ke son tsallakawa ɓangaren gudanarwa. Wanda ya fi cin riba shi ne mai shekara biyar zuwa goma a aiki, wanda abin da ya karanta ranar Lahadi zai gwada shi ranar Litinin. Wanda ya gama bautar ƙasa jiya, bai samu aiki ba, yana son MBA don kada a ce yana zaune, a ganina ya fara neman aiki ko sana'a. Akanta kuma ya auna da kyau ko takardar ƙwarewar akanta, irin ta ICAN ko ANAN ko ACCA, ce ta fi masa amfani a yanzu.

Ni ɗan kasuwa ne, ba mai neman aiki ba. Me zai ƙara mini?

Alhajin da ya yi shekara talatin a Kwari ko Dawanau ya san ciniki, ya san mutane, ya san bashi fiye da malamin da zai koyar da kai. Kada ka shiga shago da takarda kana gyara masa zance. Abin da karatun zai ba ka shi ne abin da kasuwancinmu ya fi rauni a kai: raba aljihun mai gida da na shago, rubutaccen lissafi da banki ko mai zuba jari zai yarda da shi, sanin wace haja ce ke kawo riba da wadda ke cinye jari tana zaune, da tsara yadda dukiya za ta rayu bayan wanda ya kafa ta. In wannan kawai kake so, ba takardar ba, gajerun kwasa-kwasai na 'yan watanni za su biya maka buƙata da kuɗi kaɗan.

Zai ba ni damar fita waje aiki? Zan iya ɗorawa da digirin digirgir?

Na farko, a'a. Izinin zama a yi aiki bayan karatu a Birtaniya, Amurka ko Kanada na wanda ya je can da bizar ɗalibi ne. Karatu daga Kano ba ya ba da shi. Na biyu, jami'o'in Nijeriya galibi MSc suke nema kafin digirin digirgir, mai MBA sau da yawa sai ya bi ta MSc ko wani digirin binciken da ake kira MPhil. In koyarwa a jami'a ce burinka, MSc za ka yi tun farko.

Akwai masu rubuta wa mutum jinga da kundin kammalawa. Ga kuma ChatGPT.

Akwai su, kuma za su neme ka da kansu a zauren WhatsApp na ajinku. Jami'o'i suna tace rubutu da manhajoji irin Turnitin, hukuncin kuma yana kaiwa ga kora. Ko ba a kama ka ba, ranar kare kundi ko ranar ganawar neman aiki tambaya biyu ta isa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa kowace makaranta da ƙa'idarta, wani lokaci kowane malami. Karanta ta. Amfani da su don a sake yi maka bayanin abin da ya shige maka duhu abu ne daban da miƙa rubutunsu da sunanka, kuma sukan ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su.

In aiki ya yi mini yawa a tsakiya, ko aka yi mini canjin wurin aiki, zan iya dakatawa?

Kusan kowace jami'a tana yarda a jinkirta zango, amma a rubuce, kuma kafin wata rana da ta ƙayyade. Wanda ya ɓace shiru, sakamakon faɗuwa zai tarar, kuɗinsa kuma ya tafi. Kafin rajista ka samo amsar abu uku: zango nawa ake yarda a jinkirta, shekara nawa ne iyakar kammala digirin gaba ɗaya, kuma in ka tsaya a rabi za a ba ka wata shaida? Jami'o'in Birtaniya da yawa suna ba wanda ya kai kiredit 60 satifiket, wanda ya kai 120 difiloma, Illinois ma tana barin a fara da ƙaramin satifiket a ɗora shi cikin digirin daga baya. Canjin wurin aiki ba ya taɓa lakca, amma in makarantarka mai cibiyar jarrabawa ce, nemi a sauya maka cibiya da zarar takardar canjin ta fito, kada ka jira sai an liƙa jadawalin jarrabawa.